Babayo Ya Ƙara Wa Kwalba Shekaru

Duk wanda ya hau benen Tianxiu a shekarun da Hausawa suka cika unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou a ƙasar Sin, ko bai ga Alhaji Babayo ba ya ji shi, domin muryarsa tana riga ƙamshin shagonsa isowa bakin lif. Mai turare ne, Bakano ɗan Fagge, kuma a faɗarsa Allah bai sake ƙera hanci irin nasa ba. Ya ce in ka miƙa masa kilishi zai sansana ya gaya maka ko saniyar ta taɓa haihuwa. Ya ce ya taɓa jin ƙaurin tuwon gidansu yana cikin jirgi a sararin Habasha, da ya sauka ya buga waya aka tabbatar masa tukunya ta kama. Shaidun waɗannan abubuwa dai duk sun rasu, Allah ya jiƙansu.

Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, a Beijing za a yi gudun, amma a Guangzhou baƙi suka fara haki. Biza ta yi wuya. Wanda a da ake ba shi rabin shekara, yanzu in ya samu wata ɗaya sai ya yi sadaka. 'Yan sanda na bin shaguna suna duba fasfo, kullum ka wayi gari maƙwabci ya rufe ƙofa ya nufi filin jirgi. Bizar Babayo ta zo gargara, kuma abin da zai cece shi ɗaya ne: takarda mai jan hatimi daga wani mai masana'anta da zai tsaya masa. A bainar jama'a cewa yake gwamnati ba za ta yarda a kunna wutar gasar ba tare da yana ƙasar ba. A ɗaki kuwa tsoro yake ji, tsoro na gaske, don duk abin da ya mallaka yana cikin wannan shago, kuma a Kano akwai mutanen da ya gaya wa ba zai dawo ba sai da jirgin ruwansa na kansa.

Sai ya wanke ƙafa ya tafi wurin Lawban Liyang, mai masana'antar da ke yi masa kwalaben turare. Lawban ai shi ne maigida da bakin mutanen can. Shi da Babayo kuwa da guntun Turanci, da guntun Sinanci, da nuni da hannu suke magana, kuma sun shekara suna fahimtar juna, ko dai suna zaton haka. Da Babayo ya kawo zancen takarda, Liyang ya kaɗa kai ya ce meyo, wato babu. Masu nema sun yi yawa, hatimi kuwa ɗaya ne.

Suna cikin haka idon Babayo ya faɗa kan wata kwalba a cikin kabad ɗin gilashi, an kulle ta kamar kuɗin marayu. Ya tambaya. Nan take fuskar Liyang ta saki. Ya ce wuski ce ta ƙasar Sikotlan, shekararta talatin a cikin ganga kafin a ɗura ta. Darajarta ita ce a gida ɗaya aka dafa ta, ba a gauraya ta da komai ba, kuma in ka kurɓa za ka ji hayaƙi a maƙogwaro. Irinta ta ɓace a kasuwa, kuɗinta kullum hawa yake, masu ita sun ɓoye. Ya ajiye ta ne don ranar buɗe gasa, amma ƙanin matarsa ya sa mata ido, abokai kuma kowa ya zo sai ya zauna yana fuskantar kabad ɗin yana haɗiyar yawu. Shi kansa, in ji shi, bai amince da kansa ba.

Daga wannan dogon bayani kalma biyu kacal suka shiga kunnen Babayo, hayaƙi da shekaru. Maganar rashin gauraye kuwa ta wuce ta saman hularsa.

Ya gyara zama ya ce wa Liyang ai maganin matsalarsa yana zaune a gabansa. A duk Guangzhou babu inda kwalbar giya za ta yi barci da minshari kamar shagon Musulmi, wanda ko an ɗaure shi ba zai kurɓa ba. Liyang ya dube shi, ya dubi kabad, ya tuna ƙanin matarsa. Ya ce in kwalba ta kai ranar buɗe gasa lafiya, shi da kansa zai zo da hatimi.

A cikin tasi Babayo ya yi wa kansa fatawa, ya kuma amsa da kansa. Shi ba sha zai yi ba, ba sayarwa ba, amana ce, kuma riƙon amana ai lada ne. Kafin su kai Xiaobei fatawar ta haifi dabara. In Bature ya ƙona ciyawa ya samu hayaƙin da ake rububi, ina ga mutumin da ya tashi cikin turaren wuta tun yana goye? In shekaru ake saye, ai shi ya san yadda ake tsuma humra ta yi kamar ta kaka. Zai karɓi kwalba 'yar talatin ya mayar da 'yar hamsin. Mai hatimi in ya ga haka ba wata ɗaya zai rubuta ba, shekara zai rubuta, ya ƙara da ban haƙuri.

Ya cusa kwalbar a aljihun babbar riga ya shiga lif. Ana wata ga wata, ƙofa na shirin rufewa sai ga Malam Shitu ya sa ƙafa. Malam Shitu shi ke jan mutanen benen salla, dattijo ne mai gemu fari sol da son ƙamshi. Lif ya girgiza, kwalba ta bugi makullai ta yi ƙara. Malam ya dubi aljihun, wanda ya zazzago har gwiwa, ya tambayi abin da aka samo.

Da Babayo ya ce man gyaɗa ne da an wuce wurin. Amma bakinsa bai san ƙaramar ƙarya ba. Ya ce wani turare ne da aka yi shekara talatin ana tsuma shi a ƙasar Turawa, kwalba uku ce a duniya, ɗaya tana wurin wata sarauniya, ɗaya ta nutse a teku.

"To a ɗan shafa mana mu sami albarka," in ji Malam, ya miƙo bayan hannu.

"Bai gama nuna ba, Malam. Sai Juma'ar buɗe gasa."

"Allah ya kai mu. Zan sanar da jama'a."

Ya kuwa sanar, bayan sallar la'asar, da lasifika.

Washegari Babayo ya ja labulen shago ya hau aiki. Buɗe kwalba a rufe ta kamar ba a taɓa ba ai shi ne karatun farko na mai turare. Ya juye wuskin cikin faffaɗan kwanon da yake haɗa humra, ya hura garwashi a kasko, ya zuba sandal da hawi da duk wani icce mai hayaƙi da ya mallaka, ya kife kwando a kansu don kada ko ɗigon hayaƙi ya tsere. Ya ga abin na tafiyar hawainiya, shekara ashirin kuwa ba wasa ba ce, sai ya tura kaskon ya manne da kwanon, ya sunkuya ya hura da baki.

Wata shuɗiyar wuta ta tashi fau, ta lashe kwandon, ta gaisa da gemunsa ta ɗauke rabi. Kafin ya gama salati jiniya ta ɗauka, famfunan kashe gobara da ke rufi suka ɓalle. Ruwa ya sauka a kan Babayo, da kwanon, da duk shagunan da ke layin.

Wanda ya fi jiƙa shi ne maƙwabcinsa Tankari, mutumin Maraɗi mai sayar da shadda, siririn mutum mai kaifin harshe da ba ya dariya ko da shi ya ba da abin dariyar. Ya ɗaga labule yana ɗigar ruwa, ya dubi kasko, ya dubi rabin gemu.

"An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. To ni mi na ja, Alhaji?"

"Kimiyya ce, Tankari. Ba a yi ta a Maraɗi ba tukuna."

"Bon. Mu can in za mu yi aski wanzami muke kira."

Masu gadi suka zo da tukwanen kashe wuta da tambayoyi, ga shi lokacin kowa a tsorace yake, ko kwalin ashana ka yar sai an zo an duba. Babayo ya yi ta shiye-shiye, wato godiya da Sinanci, yana rusunawa, yana nuna kasko yana nuna sama, alamar ibada ce. Suka ƙwace kaskon suka rubuta sunansa. Da suka tafi ya leƙa kwano, sai ya ga ikon Allah: wuta ta ci, ruwa ya biya, har abin ya fi yadda yake yawa. Ya ce wannan ita ce albarkar amana.

Launin ne dai ya kwanta, ya koma kamar ruwan wankin shinkafa. Babayo ya haura bene na sama wurin Hajiya Yalwa mai tuwo, wadda duk Bahaushen da ke Xiaobei ke ci daga tukunyarta, ya nemi ganyen shayi mai ƙarfi. Ya dawo ya nemi kanunfari. Ya sake dawowa ya nemi tsamiya, don ya tuna duk abin da ya tsufa yana ɗan tsami. Hajiya ta dube shi ta saman tabarau ta tambaya ko turaren ne har yanzu, ko kuwa kunu aka koma, don in kunu ne ta san ya manta gero.

Sai kuma babbar asara ta zo. Jiƙar da ya sha ta haɗu da sanyin esi, mura ta kama shi, hancin nan da babu irinsa ya toshe ƙam kamar an liƙe shi da ƙaro. Ga abu a kwano, ɗanɗanawa haram, sansanawa ta gagara. Da wani ne, da ya tsaya nan ya je ya faɗi a gaban Liyang ya nemi gafara. Babayo kuwa cewa ya yi gwani ba ya bukatar hanci, da ido ma yana jin ƙamshi. Kullum ya ƙara wani abu ya juya da muciya, ya lissafa wa kwalbar ƙarin shekaru. Da ya ga ta kai arba'in da bakwai sai ya ɗiga zuma ya cike.

Ranar Juma'a tun da hantsi Malam Shitu ya iso da jama'a a bayansa, kowa cikin farar shadda, kowa da bayan hannu a miƙe. Al'ada ce dama, mai turare ba ya hana masu tafiya masallaci shafawa. Babayo ya ce bai gama hucewa ba, Malam ya ce alkawari kaya ne. Ya ce yana da ƙarfi, aka ce ƙarfin ake nema. Ƙarshe ya ɗebo a 'yar kwalba yana ɗigawa kamar maganin ido, amma wa ya ga banza? Aka karɓe 'yar kwalbar daga hannunsa, aka wuce da ita layi-layi. Malam ya cika tafi biyu ya shafe gemu har ƙasan haɓa, ya ce lallai wannan na manya ne, har hawaye yake sawa.

To, a cikin jama'ar nan akwai waɗanda hancinsu ya gane abin tun daga bakin ƙofa. Mutum ya yi shekaru yana zama teburin 'yan kasuwar Sin ai ya san warin. Amma duk wanda ya buɗe baki ya ce wannan giya ce, tambayar da za ta biyo baya ita ce a ina ya san ta. Saboda haka masu sani suka fi kowa cewa masha Allahu. Tankari kaɗai ya sa hannuwansa a aljihu ya ce shi yau fatarsa na ƙaiƙayi.

Direban tasin da ya ɗauki Malam ya ja numfashi, ya waigo ya ɗaga masa babban yatsa yana dariya, ya yi alamar kai kofi baki. Malam ya ce ka ga, har wanda ba ya salla ya san abu mai kyau. A masallaci kuma sahun da yake ya samu wata irin yalwa, wani tsoho Basine ya dube shi sau biyu ya ja tabarmarsa gefe. Malam ya ɗauka girmamawa ce.

Babayo bai tsaya addu'a ba, ya sheƙo shago. Abin da ya rage a kwano bai kai wuyan kwalba ba. Ya cike da ragowar shayin safe, ya tace da hular kansa, ya ɗura, ya mayar da toshe, ya ɗaure wuyan da jan ƙyalle don ya rufe tabon. Ya riƙe ta a haske ya yaba wa kansa, tunda ba wanda ke kusa da zai yi.

Zatonsa Liyang zai aiko a karɓa a ɓoye. Ina! Bayan la'asar, daidai lokacin da layin ya cika da masu dawowa daga cin tuwo, sai ga Lawban Liyang cikin sabuwar kwat, da abokansa biyu, da ƙanin matar nan, da akwatin ƙananan kofuna masu tsukakken baki. Ya ce abin kirki a gaban jama'a ake yaba shi, a nan shagon amintacce za a buɗe. Ya ajiye takarda a kan kanta, ya ajiye hatimi kusa da ita. Babayo ya ƙura wa hatimin nan ido don murna.

Hausawa suka taru, Malam Shitu a gaba an kawo masa kujera. Labari ya bazu cewa manyan Sinawa sun zo sayen turaren sarauniya.

Liyang ya yaba jan ƙyallen, ya ce alamar sa'a ce. Ya cire toshe, ya tsiyaya kaɗan-kaɗan. Abin ya fito baƙi-baƙi, yana ɗan jan jiki. Baƙin suka juya kofuna, suka ɗaga su a haske, suka tsoma hanci. Sai Liyang ya ce ai akwai babban hanci a wurin, shi ya kamata ya fara magana. Babayo ya karɓi kofi, ya rufe ido, ya ja abin da ya fi kama da kukan rago, bai ji komai ba ko na sisin kwabo. Ya buɗe ido ya ce yana jin icce, yana jin hayaƙi, yana jin ruwan sama, can ƙasa kuma yana jin haƙuri. Baƙi suka gyaɗa kai, ɗaya har ya tafa.

Sannan suka kai kofuna baki.

Malam Shitu ya dafa hannun Tankari. "Su turaren ma sha suke yi?"

"Kowa da inda yake shafa nasa, Malam."

Baƙo na farko ya riƙe kurɓin a baki ya daɗe, idonsa ya yi ja, ya haɗiye da ƙyar. Abin da za a sani shi ne, duk cikinsu babu wanda ya taɓa ɗanɗana irin wannan kwalba, ai shi ya sa ake kiranta mai wuyar samu. Kuma abin da ya kai wannan tsada, wane harshe ne zai fito ya ce ba daɗi, a ce masa baƙauye? Sai mutumin ya share ido ya ce bai taɓa jin hayaƙi mai zurfin wannan ba. Na biyu ya yi tari ya ce akwai tsamin wani ɗan itace da babu shi a duk ƙasar Sin. Ƙanin matar ya zaro wani ɗan baƙin abu daga tsakanin haƙoransa, ya duba, ya sa a aljihu, ya ce a ƙara masa.

Liyang ya kurɓa shi ma. Fuskarsa ta yi kamar za ta tambayi wani abu, amma ya dubi abokansa suna yabo sai ta fasa. Ya ɗauki hatimi ya cire murfin, ya danna shi a jan tawada. Takarda na shimfiɗe, hannunsa na sama. Abin da ya rage wa Babayo a duniya shi ne ya yi shiru na ɗan lokacin da hannu ke ɗauka ya sauko.

Sai Liyang ya tsaya ya ɗaga kofi da ɗaya hannun. Ya ce kafin komai a girmama tsohon Baturen da ya dafa wannan abu shekara talatin da suka wuce, can cikin sanyi, wanda watakila ma ya mutu bai san hannunsa ya kai haka ba. Ya ce irin wannan gwaninta ba a koyonta, haihuwarta ake yi. Baƙi suka miƙe tsaye don Bature.

Yabon nan ya sosa wa Babayo rai. Shi ya ƙone gemu, shi ya sha ruwan rufi, shi ya hau bene ya sauka har Hajiya Yalwa ta yi masa gori, sannan a miƙe wa wani mamaci da ko muciya bai riƙe ba? Tankari ya ga leɓensa na motsi, ya taka masa ƙafa. Babayo ya janye ƙafar.

"Dakata, Lawban. Wane Bature?"

Ya fito tsakiyar fili. Da Turanci da Sinanci da hannuwa biyu ya bayyana cewa abin da Bature ya aiko ɗanye ne, 'yar talatin ce kawai. Hayaƙin da suke yabo nasa ne. Tsamin nan tsamiyar Kano ce. Ya kwatanta kasko, ya kwatanta wuta, ya nuna rufi ya kwatanta ruwa da yatsu, ya ɗauko muciya ya ɗaga ta sama. Ya ce yanzu haka abin da ke cikin cikinsu ya ba hamsin baya. Kuma don kada 'yan gida su tashi ba rabo, ya juyo ya fassara musu da Hausa tsaf, ya ƙara gishiri, ya rufe da cewa a tarihin giya ba a taɓa yin wanda ya gyara ta irinsa ba, kuma ko ɗigo bai sha ba.



"Tarihin me?" in ji Malam Shitu a hankali.

"Giya, Malam. Amma amana ce."

"Wace giyar?"

Babayo ya buɗe baki, sai a lokacin kunnensa ya ji abin da bakin ya faɗa. Malam ya ɗaga hannu ya taɓa gemunsa, ya kai yatsun hanci, ya tuna direban tasi, ya tuna tsohon da ya ja tabarma. Ya ce innalillahi, a haka ya yi salla a sahun gaba.

Wuri ya kaure. Masu fararen shadda suka yi ta tuɓe riguna suna rige-rigen famfo, kuma waɗanda suka gane warin tun da safe su suka fi kowa ɗaga murya da salati. Malam ya ba da umarni kowa ya wanke jiki ya rama azahar, shi kuwa ya nufi bayi da sabulun wanki. Hajiya Yalwa ta leƙo daga matakala ta ce a gaya wa duniya ita tsamiya kawai ta bayar. Ƙanin matar Liyang ya fito da ɗan baƙin abin nan daga aljihu ya ajiye a kan kanta, kanunfari ne.

Liyang bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dubi kwalbar ya daɗe, kamar mai duban gidan da ya ƙone. Ya mayar wa hatimi murfinsa, ya ninke takarda ya sa a aljihun kwat. Sannan ya yi magana a hankali, da Turancin da kowa ya gane. Ya ce kwalbar nan ta tsira daga teku, ta tsira daga 'yan kwastan, ta tsira daga surukinsa, sai a hannun wanda ba ya sha ta mutu. Da ya bar wa mashayi, in ji shi, da aƙalla mutum ɗaya ya ji daɗinta.

Ya tattara kofunansa ya tafi. Da magariba, lokacin da duk garin ke gaban talabijin ana harba wuta a sama, Babayo na zaune a shago shi da muciya.

Bai bar ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba bayan nan. Amma labari ya riga shi zuwa kowace masana'anta, duk lawban ɗin da ya hango rabin gemu sai ya ce meyo tun kafin a gaisa, wani har ya kulle kabad. A ofishin biza aka duba fasfo, aka duba sunan da masu gadi suka rubuta, aka buga masa wani hatimi, ba irin wanda yake nema ba, na ya bar ƙasar cikin kwana bakwai. Ya karyar da turarukansa, Sinawa suka saya, don babu Bahaushen da zai sake miƙa masa bayan hannu.

Ranar tafiya Tankari ne kaɗai ya riƙe masa jaka zuwa motar filin jirgi. Babayo ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi benen, tagar shagonsa har an liƙa mata takardar neman ɗan haya. Idonsa ya ciko, kuma wannan karon ba mura ba ce. Ya so garin nan, ya so shagon nan, bai kuma san da wace fuska zai sauka a Kano ba. Tankari ya ga haka ya kau da kai, har ya fara neman kalmar lallashi.

Babayo ya share ido da hannun riga, ya ja majina.

"Gaggawa ce ta ɓata aikin, Tankari. Wallahi da sun ba ni mako ɗaya, da ta kai sittin."

Tankari ya ɗora jakar a mota, ya miƙa masa fasfonsa.

"Ai sun ba ka mako ɗaya, Alhaji. Yau ya cika."